Malaman Turanci dan Allah ku taimaka, ta ina zan fara koyon koyarwa ta onlayin?

Malamar_SS3:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, an wuni lafiya, ya aiki ya fama da yara. Shawara nake nema kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar kuɗi a nan Gusau, shekarata tara ina koyarwa, SS1 zuwa SS3 nake ɗauka, sannan bayan la'asar ina da lesin a gida, 'yan SS3 su goma sha bakwai da kuma matan aure shida da suke son gyara takardarsu su zana GCE. To mai makarantarmu ya je wani taro ya dawo mana da zancen wai daga zango mai zuwa kowane malami sai ya riƙa haɗawa da onlayin, bai faɗi yadda za a yi ba bai kawo wanda zai koya mana ba, kawai dai a shiga zamani. Ni kuma gsky banda WhatsApp da Facebook ba abin da na iya, ko lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu a gida na zauna ina jin darussan da ake sakawa a rediyo.

Na ce bari in gwada da 'yan lesin ɗina tukunna kafin in je in ji kunya a makaranta. Ƙanina ya haɗa min ajin bidiyo kai tsaye ranar Asabar. Cikin mutum 23 bakwai ne suka shigo, biyu ba sa ji na, ɗaya ta bar makirfon a buɗe muna ta jin ana daka a gidansu da kukan akuya, ni kuma netwok sai ya ɗauke ya dawo ya ɗauke ya dawo, kafin in gama bayanin question tag datar da na saya ta sati ta tafi. Wlh ranar kamar in yi kuka. Su kuma matan auren ko ɗaya ba ta shigo ba, biyu ma da wayar maigida suke amfani.

Abin da nake da shi wayar Android ce da wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu sai an jona ta da wuta. Tambayata, ku da kuka riga mu, da wace manhaja kuka fara, kuma ya aka yi kuka koya, wani ne ya zaunar da ku ko da kanku? Na shiga YouTube na ga sunaye sun fi ashirin, Kahoot, Quizlet, Google Classroom, Canva da sauransu har kaina ya yi zafi. Ngd.

DanCBT:

Wslm Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ba malamin Turanci ba ne cikakke, a santar CBT, wato inda ake zana jarrabawa a kwamfuta, nake aiki a Kaduna muna shirya yara wa JAMB, amma na zaunar da malamai da yawa a kan wannan abin so bari in faɗi abin da na gani.

Kuskuren farko shi ne farawa da bidiyo kai tsaye, shi ne mafi tsada kuma mafi wahala a duk cikinsu, kin fara hawan dutse ta wajen da ya fi tsayi. Ki ajiye shi gefe tukunna. In ma ya zama dole wata rana ki sani Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya yanke, Google Meet kuma awa ɗaya in kun kai mutum uku, kuma ki sa kowa ya kashe kyamara da makirfon tun daga shigowa.

Ni shawarata ki fara da Google Forms, shi kaɗai, sati biyu kar ki taɓa komai sai shi. Dalili, shi ne zai rage miki aikin da ya fi cin lokacinki wato makin. Ba shi da manhajar saukewa, ta Chrome za ki shiga da Gmail ɗin da ke kan wayarki, amma ya fi daɗin haɗawa a laftof. Ki buɗe sabon fom, ki je Settings ki kunna inda aka rubuta Make this a quiz, shikenan kowace tambaya za ki ga Answer key a ƙasanta, nan za ki zaɓi amsar da take daidai ki sa maki. Akwai kuma wajen rubuta bayani ga wanda ya faɗi tambayar, to nan ne koyarwar take, kar ki tsallake shi. Misali yaro ya zaɓi isn't it a maimakon doesn't she, yana gamawa zai ga bayaninki, kuma ba wanda ya hana ki rubuta bayanin da Hausa. Sai ki kwafi link ki jefa a guruf ɗin WhatsApp. Tambaya goma ta rubutu zalla ba ta cin wata data ta kirki.

Abin da malamai suka fi so in na nuna musu shi ne wajen Responses, yana jero miki tambayoyin da aka fi faɗuwa, kin ga gobe in kin shiga aji kin san inda za ki dosa ba lalube ba.

Ga ramukan da kowa yake faɗawa. In kika sa tambayar da yaro zai rubuta amsa da kansa, sai abin da ya rubuta ya zo daidai da naki harafi da harafi, ya sa babban baƙi inda kika sa ƙarami zai iya cinye masa maki, so ko ki zuba duk yadda za a iya rubuta amsar ko ki tsaya a kan zaɓi A B C D. Sannan in kika kunna Limit to 1 response dole sai yaro ya shiga da Gmail, wanda ya ari wayar yayansa ko ya manta fasawod nan zai maƙale ya kira ki da daddare. Da farko ki bar shi a kashe, ki sa tambayar farko ta zama suna da aji. Kuma ba shi da agogo a cikinsa, ke za ki kula da rufe karɓar amsa in lokaci ya yi.

Yadda za ki koya kuwa, ga sirrin da nake ba kowa, ki zama ɗalibar kanki. Ki haɗa a laftof, ki tura wa kanki link, ki amsa a waya kamar ke ce yarinyar, da gangan ki faɗi wasu ki ga me zai nuna. Rabin matsalolin da malamai suke kira na a kai da sun yi haka sau ɗaya da sun gano da kansu. Bayan hannunki ya faɗa sai ki buɗe Google Classroom, shi kamar kabad ne da za ki jera asayimen da fom ɗin a wuri ɗaya, yara su shiga da lambar aji, shi ne ma abin da za ki nuna wa mai makaranta ya ga an shiga zamanin. Kuma tunda JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi tun 2015, Use of English tambaya 60, yaran suna samun sabo da danna amsa a allo, riba biyu kenan.

Kahoot, wato wasan tambaya da amsa, yana da daɗi amma na kai tsayensa yana son kowa ya hau a lokaci guda da netwok mai kyau, ki bar shi sai gaba.

TsohonTica:

Salamu alaikum. 'Yata sannu da himma, Allah ya yi albarka. Na yi shekara 33 da alli a hannu kafin in ajiye aiki, yanzu jikoki ne suka sa ni a wannan harka ta waya, rubutun ma a hankali nake yi.

Yaron nan na CBT ya yi magana mai kyau amma ni ban yarda a fara daga nan ba. A B C D ɗin nan ita ce ta kai mu inda muke. Yaro ya ci kiredit a Turanci, ka tsayar da shi ya gabatar da kansa na minti ɗaya sai gumi. Ke kin sani, takarda ta uku ta WAEC sunanta Test of Orals, tambaya 60, amma mu a Najeriya a rubuce ake yin ta, ba wanda ya buɗe baki ba wanda ya saurari komai. Jarrabawar furuci da fensir! To in kika ɗauko waya kika sake zuba musu A B C D kin canza kwano ne kawai tuwon na jiya ne.

Abin da waya ta kawo wanda allo bai taɓa iyawa ba shi ne sauti. Mu da muka koyar kafin waya, kaset ɗaya ne a makaranta in ma akwai, rediyon kuma ba batir. Zan faɗa miki abin kunya na kaina. Na fi shekara goma ina koya wa yara plumber da debt ina furta b ɗin nan ɓaro ɓaro, sword kuma ina fito da w, saboda haka malamina ya faɗa shi ma haka nasa ya faɗa. Sai da jikata ta buɗe min ƙamus ɗin Cambridge a waya ta danna ɗan hoton lasifikar nan na ji da kunnena. Na yi shiru na daɗe. Ɗalibai nawa na sallama da wannan b ɗin, Allah kaɗai ya sani. Saboda haka kafin ki koya wa kowa, duk kalmar da za ki shiga aji da ita gobe ki saurare ta yau, akwai ta Ingila akwai ta Amurka, ki riƙe ta Ingila tunda ita manhajar karatunmu take bi. Akwai kuma wani shafi YouGlish, ki rubuta kalma ya kawo miki mutane daban daban a bidiyon YouTube daidai inda suke faɗinta a cikin magana, amma shi yana jan data, na malami ne ba na yara ba.

Su kuma yaran, WhatsApp ɗin da kika ce shi kaɗai kika iya ai shi ne babban makamin. Saƙon murya na minti ɗaya ko rabin MB bai kai ba, kuma ba sai kowa yana kai a lokaci guda ba, wadda wayar maigida take jira ta saurara da daddare.

Ki tuna inda ciwon Bahaushe yake. Turanci sauti 44 ne, wasula 20 baƙaƙe 24. Mu wasulanmu biyar ne, kowane da dogo da gajere, sai ai da au. Ba mu da p daban da f, shi ya sa pan da fan, pull da full, copy da coffee suke zame mana abu ɗaya. Ba mu da v sai ta koma b, very ta zama berry. Th kuma ta koma s ko z. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa screwdriver ta zama sukuddireba a bakin makanikai, to haka yaro zai yi wa street da asked. Kar ki ɗauko duka. Sati ɗaya sauti biyu. Litinin ki tura murya kina faɗin kalmomi biyar bibbiyu, Talata ki faɗi ɗaya daga kowane biyu su rubuto wacce suka ji, sai Laraba su turo nasu muryar. Kunne kafin baki, wanda bai ji bambanci ba ba zai furta shi ba ko za ki kwana kina gyara masa.

Wajen ship da sheep kuwa Hausa ma taimakonki za ta yi. Ki ce musu garin Gusau da garin tuwo ɗaya ne? Za su yi dariya su ce a'a, ɗaya an ja shi ɗaya ba a ja ba. To kunnensu ya riga ya san dogo da gajere, nuna musu kawai za ki yi cewa Bature ma yana da irinsa, duk da nasa ba tsawon kaɗai ba ne har da yadda baki yake zama. Na p kuma tsohuwar dabara, su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe, in sun ce pan daidai iska za ta buga takardar ta motsa. Wannan ba ya buƙatar data.

Wani wasa da jikokina suka nuna min, makirfon ɗin da ke jikin kibod na waya wanda kake magana yana rubutawa. Yaro ya ce I want a cup of coffee ya ga me wayar za ta rubuta. Ba alƙali ba ce, wani lokacin tana gyara maka da kanta ta bi ma'anar jimla, wani lokacin kuma ka faɗa daidai ta ƙi ji, amma yara suna son shi kuma mai kunya ya fi sakewa da waya a kan ya tashi a gaban aji. Ni dai ba na cewa a mayar da su Turawa, wanda ya ji su ya gane me suka ce ya wadatar.

DanCBT:

Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi gyara. Amma Baba yara 23 kowa ya turo murya, in an koma makaranta kuma aji uku wajen yara ɗari da wani abu, yaushe Malama za ta saurare su duka ga girki ga nata yaran? Shi fom ai shi yake makin da kansa.

TsohonTica:

Gaskiyarka ɗana, wannan ban yi lissafinsa ba, mu 'yan fansho lokaci ne da mu. To a ƙayyade, daƙiƙa 20 kowa, kuma a raba su rukuni rukuni kowane rukuni da ranarsa.

Mushe_Maradi:

Salamu alaikum malammai, gaisuwa daga Maraɗi. Malama ina yi miki sannu, abin da ya same ki ranar Asabar mu ma ya same mu, har mun saba.

Ni Ingilishi nike koyarwa a kwaleji. Na ce Ingilishi don nan wajenmu in ka ce Turanci wani zai ɗauka Faransanci kake nufi. Ɗiyanmu sai sun shiga sizem, wato ajin farko na kwaleji, suke fara shi, bayan sun sha fama da Faransanci a firamare, to kun ga Ingilishi shi ne harshe na uku ko na huɗu gare su, ga p da f irin naku ga kuma karatun Faransanci da ke bin su, yaro ya ga table ko nation ya karanta ma ka su kamar yana Paris. Amma tun da anka fito da kundin nan na gwamnatin Nijar na 2025 wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, manya ma sun fara nemanmu, 'yan kasuwa masu zuwa Kano da Dubai da ma'aikata.

Abin da ni ke son in ƙara shi ne, onlayin ɗin malami ne ya kamata ya hau, ba dole ɗalibi ba. Ni sau ɗaya a sati nike sayen data mai yawa ta dare, in sauke duk abin da za ni buƙata, sauran kwanakin ko babu rezo, wato netwok, ko babu kuran, wato wutar lantarki, aikina na tafiya. BBC Learning English suna da shiri 6 Minute English, minti shida ne kamar yadda sunan ya ce, mutum biyu suna hira kan batu guda, ana sauke sautin kuma ana sauke rubutun abin da sunka faɗa kyauta. Amma gaskiya ya yi wa 'yan farko nauyi, na 'yan SS3 ɗinki ne masu ƙoƙari. Na masu rauni ki nemi na VOA Learning English, su tun 1959 sunka fara salon nan na karanta labari sannu sannu da kalmomi kamar 1500 kawai, sai dai lafazin Amurka ne, ki faɗa ma yara tun farko don kar Baba ya yi faɗa. Don karatu kuma akwai African Storybook, ƙananan littattafai masu hoto na Afirka, kyauta, wasu labaran akwai su da Hausa akwai su da Ingilishi, kuma manhajarsu tana bari ka sauke ka karanta ba rezo. Matan aurenki kar su raina su don na yara ne, wadda ta daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, da irinsu take dawowa, kuma ta karanta ma ɗiyanta.

In na sauke sai in zo aji da ƙaramin bafil, wato sifika, mai bulutut wanda nike cajawa da sola, jikka kaɗan na saye shi. Masu waya in tura musu ta Xender, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya ba data, babu ko dala da za su kashe, marasa babbar waya in sa musu a katin memori su ji a ƙaramar salula. Kuma kar ki sa minti shidan gaba ɗaya, za su yi barci. Minti ɗaya ya isa darasi guda. Ji na farko tambaya ɗaya tak, su wa ke magana kuma kan mi. Ji na biyu su cike gurbin kalmomin da na goge a allo. Sai a na uku nike ba su rubutun su bi da ido. Da na fara ina ba su rubutun tun farko, sai na lura karatu suke ba saurare ba.

Yadda na koya kuwa, wani ɗalibina ne ɗan turwaziyem, wato ajin ƙarshe na kwaleji, ya koya mini yanke sauti da tura shi, na zaunar da shi bayan an tashi na ce yau kai ne mushe, wato malam. Ba ta rage ni da komi ba.

AntiLesin_Kano:

Wslm 'yar uwa, ni ta ɓangaren matan auren nan zan fi magana don irin aikina kenan shekara huɗu yanzu, kuma na ga ba wanda ya taɓo shi.

Dan Allah kar ki haɗa su guruf ɗaya da 'yan SS3, musamman in akwai samari. A guruf kowa yana ganin lambar kowa, rana ɗaya wani yaro zai yi wa matar mutane sallama ta gefe a wayar mijinta shikenan an rufe miki lesin har da ƙarin magana. Ni broadcast nake musu, kin tura sau ɗaya ya shiga wa kowacce ita kaɗai kamar ke da ita kuke hira, amsarta ma ke kaɗai za ki gani, sharaɗin kawai sai ta yi sabin lambarki in ba haka ba ba zai shiga ba. Kuma wlh sun fi sakewa, matar da ba za ta taɓa buɗe baki a gaban yaran da ta haifi kamarsu ba sai ga ta tana turo miki murya tana dariyar kanta. Masu wayar maigida kuma ki fara gaisawa da shi ki gaya masa ranaku da lokacin da saƙo zai riƙa shigowa, in ya san da zancen shi da kansa zai riƙa miƙa mata. Guruf ɗin yaran kuma ki sa admin kaɗai ke magana, ki buɗe awa ɗaya da yamma ki rufe, in ba haka ba kafin safiya darasinki ya nutse a ƙarƙashin Juma'at Mubarak da stika ɗari biyu.

Sai zancen AI, wato manhajar nan da kake yi wa tambaya ta amsa maka kamar mutum, tunda ko kin so ko ba ki so yaranki suna amfani da shi, tun 2024 Meta AI yake zaune a cikin WhatsApp ɗinsu, ga ChatGPT. Ni yana min amfani wajen shiri, sai in ce ya rubuto min gajeren labari kalma 150 da Turanci mai sauƙi a kan yarinyar da aka aika kasuwar Rimi, ya sa past tense goma a ciki, da tambayoyi biyar, minti ɗaya ya gama abin da da sai in kwana ina nema. Har kurakuranmu na fassara kai tsaye nake sa shi ya haɗa min atisaye a kai, irin borrow me your pen saboda ara min, da drink medicine saboda shan magani, da I am hearing smell saboda jin wari. Amma ki karanta komai kafin ki tura, akwai ranar da ɗaya daga cikinsu ya ba ni amsar da ba daidai ba a kan stress, wato gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma, kuma da ƙarfin gwiwarsa, da ban duba ƙamus ba da na raba wa mutum talatin kuskure. A Edo an yi gwaji a 2024 tare da Bankin Duniya, sati shida 'yan sakandare suna koyon Turanci da irin wannan AI bayan an tashi daga makaranta, kuma sakamakon ya yi kyau, amma abin da mutane suke mantawa da malamai a tsaye a kansu aka yi, ba waya aka miƙa musu aka tafi ba.

Essay kuwa na daina bayarwa a tafi da shi gida. Yarinyar da ba ta iya haɗa jimla biyu ba ta kawo min wasiƙa da furthermore da nevertheless, na ce karanta min ki gaya min ma'anar layin farko, shiru. Yanzu a gabana ake rubutawa da biro, gyaran ne muke yi ta waya.

Inda na koya, shafin TeachingEnglish na British Council, suna da kwasa kwasai na kyauta na malamai da ake yi a waya kuma akwai waɗanda suka shafi koyarwa ta intanet, sannan a lokacin ofishin jakadancin Amurka suna tallata nasu na shirin OPEN shi ma kyauta. Amfaninsu biyu, kina koyon darasin kuma kina ɗanɗana yadda ɗalibin onlayin yake ji, ni sai da na yi kwas ɗin na gane dogon bidiyo azaba ne. Masu tallan satifiket ɗin TEFL, wato na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, a Facebook suna cewa biya kaza ki fara karɓar dala, ki bincika sosai kafin ki tura ko sisi.

Malamar_SS3:

Slm, ku yi haƙuri na ɓace kwana biyu, na ce sai na gwada kafin in dawo. Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, labarin plumber ɗin nan ya sa na je na duba nawa, ashe ni ma listen da often ne kawai na tsira, comb da tomb duk da b nake sakinsu shekara tara, innalillahi.

Ga abin da na yi. Na raba su kamar yadda Anti ta ce, matan a broadcast yaran a guruf. Satin farko p da f muka yi. Cikin matan shida biyar sun turo murya, har da masu wayar maigida su biyun, ɗaya ma mijin ne ya fara turo nasa wai a duba masa coffee ɗinsa, na yi dariya har da hawaye. Ta shidan ta ce ita kunya take ji ko ni kaɗai ce, na ƙyale ta tana rubuto abin da ta ji tukunna.

Fom kuma na haɗa guda biyu. Na farkon na manta ban kunna quiz ɗin ba, yara suka gama suna ta tambayata ina makinsu, kuma laifina ne don ban gwada a wayata ba kamar yadda aka ce in yi. Na biyun ya yi, 14 cikin 17 suka amsa, kuma abin mamaki tambayar da na ɗauka ita ce mafi sauƙi ita suka fi faɗi, ta neither nor, na koma na sake darasin ranar Talata. Sai dai na lura mutum huɗu makinsu ɗaya kuma kuskurensu ɗaya, ina zargin a waya ɗaya aka zauna aka yi taron dangi.

Mushe na sauke na VOA guda uku na ari sifikar maƙociyata, minti ɗayan nan da ka ce sai da ya cinye mana rabin awa kuma ba wanda ya yi hamma.

Yanzu abin da ya rage min, ya zan haɗa maganar Baba da ta ɗan CBT, wato in sa sauti a cikin fom ɗin su saurara su zaɓi pan ko fan ya yi makin da kansa? Na duba ban ga wajen sa murya ba sai hoto da bidiyo.

DanCBT:

Malama ai kin wuce wasu da na yi wata ina koya wa. Ba ki gani ba ne don babu, bidiyon YouTube yake karɓa. Hanya mafi sauƙi kar ki wahalar da kanki, ki yi muryar a WhatsApp kina cewa namba wan kaza namba tu kaza, ki tura, sai link ɗin fom ya biyo baya a ƙasa da lambobin kawai da zaɓi biyu biyu. Amma a wannan kar ki kunna shuffle na tambayoyi, in ba haka ba lambobin za su hargitse su saɓa da muryar. A sauran tes ɗin na nahawu kuma ki kunna shi saboda 'yan taron dangin nan naki, ba zai hana su gaba ɗaya ba amma zai ba su wahala. In kin haɗa ki turo min link ɗin ta inbox in fara amsawa, ni ma ina zargin p ɗina.